Mutuwar Gwaggon Saini ta Huɗu

Mamman, wannan babin naka ne fiye da sauran 'yan'uwanka, tunda makullin mangaza, gidan ajiyar kayan nan namu, a aljihunka yake yanzu. Yayarka Rabi ta gaya mini abin da ka faɗa ranar Juma'a, wai baƙin allon nan da ke jikin bango kusa da sikeli za ka sa a shafe shi da fenti, zamani ya canja, ba za a riƙa tsayar da kamyo, babbar motar kaya, a ƙofa don wani ya tafi shuka ba. Ban yi maka magana a lokacin ba, domin na san halina, in na fara a tsaye da faɗa zan ƙare. Shi ya sa na zauna na rubuta. Kuma akwai wani abin da nake so in gyara. Na sha jin ku kuna gaya wa baƙi cewa babanku mutum ne mai tausayin ma'aikata tun fil azal, shi ya ƙirƙiro allon damina don kirkinsa. Ina jin daɗin jin haka, ba zan ɓoye ba, amma wallahi ba haka aka yi ba. Kunya ce ta kafa allon nan, kuma uwarku ce ta fara nuna mini inda kunyar take.

Ni ɗan kasuwa ne, ubana ɗan kasuwa ne, kakana da jakuna ya yi fataucin gishirin Foga. A gidanmu na Gaya ba a taɓa rataye fartanya ba. Gero a wurinmu abu ne da ke zuwa cikin buhu, damina kuwa lokacin da hanya ke lalacewa ne kaya su jiƙe. Da na buɗe mangaza a kan hanyar gada, aikinmu shi ne wanda kuka sani: kamyo ya taso daga Kwatano da shinkafa ko sukari, ya gama da duwan, wato kwastan, a sauke a wurinmu, a sake lodi zuwa Dosso ko Yamai. Duk wannan a kan wuyan 'yan dako yake tafiya. Kaɗan daga cikinsu 'yan gari ne, mafi yawa kuwa mutanen Tanda ne da Bana da Bengu, manoma masu zuwa neman na cefane, Hausarsu ta kasuwa ce, in sun keɓe sai su koma yarensu. Doka ɗaya na kafa musu, kuma ina taƙama da ita a majalisa: wanda ya yi fashin aiki ba dalili, ya sallami kansa. Dalili kuwa biyu ne rak a wurina, ciwon da ya kwantar da mutum, ko mutuwa a gida. Shuka ba ta cikin lissafina ko kaɗan.

To ka ji inda abin ya samo asali. Da zarar ruwan shuka ya sauka, sai mutuwa ta faɗa wa ƙauyukan nan. Wannan kawunsa, wancan kakarsa, wani surukinsa. Kwana uku sai ka ga sun dawo da taɓo a farce da kanta sabuwa a tafin hannu, ina yi musu gaisuwa suna amsawa da kai a sunkuye. Na san ƙarya ce, sun san na sani. Kuma bari in faɗi abin da ban taɓa faɗa ba: abin yana yi mini daɗi. Ina son in ga ƙaton mutum mai iyali ya tsaya gabana yana murza hula yana kashe danginsa da baki kafin in ce ya tafi. A lokacin girma nake ɗaukar wannan.

Shugaban 'yan dakon shi ne Saini, mutumin Tanda, wanda kuke ce wa Baba Saini. Ku da tsufansa kuka san shi. A lokacin gajere ne kakkaura, wuyansa kamar turmi, ba ya da yawan magana. Shi ya san yadda ake jera buhu har rufi ba tare da ya zame ko ya yi gumi ba, shi ke raba faɗa, shi ke ɗaga waƙa in lodi ya yi nauyi. Ya fi shekara goma tare da ni, allura ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba. Amma shi ma da gwaggonsa. Damina uku a jere wannan baiwar Allah tana rasuwa, kullum washegarin ruwan shuka. Har na riƙa ba abokaina labari muna dariya, ina cewa in kuna son sanin ranar da za a yi ruwa ku tambayi lafiyar gwaggon Saini.

A shekarar da nake ba ku labari ruwa ya yi jinkiri, har aka fita roƙo. Ranar da ya zo kuwa, da la'asar, ya zo da gaske. Ni kuma ga kamyo huɗu a ƙofa, duk na wani babban ɗan kasuwa na Dosso wanda rabin aikina nasa ne, tamfol ɗin biyu daga ciki ya yage, shinkafa na shan ruwa. Da safe na iso raina a ɓace, ina ƙirga kawuna ina jiran in ji wa ya mutu. Sai ga Saini ya nufo ni, ba hula a kansa, gammonsa a hannu. Idonsa ja wur, amma ni ban duba idonsa ba, kamyo nake dubawa.

"Alhaji," ya ce, "gwaggona ta rasu. Yanzu aka aiko."

Na yi dariya. A gaban kowa, da ƙarfi, har da tafa hannu.

"Wacce daga ciki? Ta bara, ko ta bara waccan? Kai Saini, ka ji tsoron Allah! Ita wannan tsohuwa ba ta iya mutuwa sai hadari ya haɗu? Ka ce mata ta yi haƙuri ta jira mu sauke kamyo huɗu, sannan ta mutu a tsanake."

Na juya ina jiran sauran su taya ni dariya kamar yadda yaran gida ke yi wa maigida. Ba wanda ya ko motsa. Saini ya dube ni, ya daɗe yana dubana, sannan ya sunkuya ya ajiye gammonsa a kan sikeli a hankali, ya juya. Shirun nan ne ya ƙara tunzura ni. Na ɗaga murya na ce in ya taka ƙofar nan ya fita, kada in sake ganin ƙafarsa. Bai waiwayo ba. Muka sauke kamyo ɗaya da rabi a ranar, ba waƙa, ba wasa, sai nishi da ƙarar buhu.

Kwana uku ina cika ina batsewa a gida, ina cewa na yi maganin ɗan banza. Uwarku, Hajiya Mariyama, ta bar ni da halina. Kun san ta, ba ta gardama da mutum yana tafasa. A rana ta uku da azahar ta kawo mini tuwo, ta zauna a bakin tabarma, abin da ba ta saba yi ba.

"Alhaji, ci abincinka tukuna."

"Faɗi abin da ke bakinki, na ga alama."

"Mai kawo mana kifi daga Tanda ta zo ɗazu. Gwaggon Saini ta rasu da gaske. Yau sadakar uku. Kuma ba gwaggo ce kawai ba, ita ta shayar da shi, uwarsa wurin haihuwarsa ta tafi."

Lomar da ke hannuna ban san inda na ajiye ta ba. Amma ka san ɗan Adam, maimakon in yi salati sai na hau kare kaina. Na ce to laifin wa? Wa ya ce ya yi ta kashe ta tun tana da rai? Mutum ya yi maka ƙarya sau uku, ranar ta huɗu ka gaskata shi don kai waliyyi ne? Na yi ta zuba, tana saurare, har na gaji.

"Ka gama?" ta ce. "To ina tambayarka. Tun da ka buɗe mangazar nan, akwai wanda ya taɓa zuwa ya ce maka, Alhaji zan je shuka, ka ce Allah Ya kiyaye hanya?"

Na ce shuka ba dalili ba ce.

"Ga wanda aka haifa a kan buhu ba dalili ba ce. Ni uwata 'yar Bana ce, na yi shuka da ƙafata. Kwana biyu ne, in ya yi yawa uku, ƙasa ta bushe. Wanda bai zuba iri ba a kwanakin nan, shi da 'ya'yansa sai baɗi. Ka rufe musu ƙofar gaskiya ka bar ta mutuwa a buɗe, ta ina kake so su bi? Kai ka sa bawan Allah nan ya riƙa kashe matar da ta goya shi. Ranar da ta mutu kuma ka yi masa dariya."

Ta ɗauki kwanon ta fita. A shekarun da muka yi tare ba ta taɓa yi mini magana mai zafin wannan ba, kuma ba ta ɗaga murya ba ko kaɗan. Na zauna ni kaɗai, kunya ta rufe ni.

Duk da haka sai da na ƙara kwana uku ina jan ƙafa, girman kai ba ya sakin mutum da wuri. A mangaza aiki na tafiya kamar ana jan jaki a taɓo. Ba wanda ya yi mini rashin kunya, gaisuwa ma sun ƙara mini, amma in na shigo sai hira ta mutu. Gammon Saini na nan kan sikeli, in za a auna kaya sai a ɗauke shi a ajiye gefe, a gama a mayar. Ranar sadakar bakwai ta kama ranar da ɗan kasuwar Dosso ya ce lalle a gama masa lodi, in ba haka ba ya kwashe aikinsa. An kuma sake yin ruwa a jajibirin. Na tsaya da safe ina duban kamyo, ina duban mutanen da hankalinsu duk yana gona. Sai kawai na ji bakina ya ce kowa ya tafi, an rufe sai jibi. Direbobi suka yi caa a kaina, ɗaya ya kira maigidansa na Dosso ya miƙo mini tarho. Na ce masa ya yi haƙuri, ina da gaisuwar mutuwa. Ya ce wa ya mutu? Na ce gwaggon shugaban 'yan dakona. Sai ya tambaya ko lafiyata ƙalau.

Kafin in hau moto, wato babur ɗina, uwarku ta tsayar da ni a zaure ta ce, shekara goma mutanen nan suna yi maka Hausa, kai ko gaisuwar mutuwa ba ka iya da yarensu ba. Ta koya mini kalma biyu, fonda tilas, na yi ta maimaitawa a hanya kamar ɗan lakwal mai haddar darasi. Na isa Tanda an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, dattawa sun cika. Da Saini ya hango ni sai ya miƙe, ya zo ya riƙe mini moto, ya sa aka kawo mini ruwa a sabuwar ƙwarya, ya zaunar da ni a kan tabarma mafi kyau. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na durƙusa gaban dattawa na faɗi kalmomina biyu, na san na karya su, domin wani tsoho ya rufe baki da hannu. Amma suka amsa gaba ɗaya.

Da aka shafa fatiha jama'a suka watse da sauri, kowa ya nufi gona. Saini ya shiga gida ya fito da sungumi, doguwar fartanyar da ake saran ramin shuka da ita. Zaman makoki ya cinye masa ruwan farko, wannan na biyun shi ne abin da ya rage masa. Ya ce in yi haƙuri zai bar ni. Na ce muje tare. Haka na bi shi da farar shaddata, na tuɓe takalmi a bakin gona. Yana gaba yana sara, ni da matansa muna baya muna jefa iri muna rufewa da diddige. Kai, ranar na san ni ba kowa ba ne! Na zuba iri da yawa a rami ɗaya, na tsallake uku, na taka wanda aka riga aka rufe. Matan suna dariya har suna riƙe ciki, ƙaramar ta ce da Hausa wai Alhaji kaji yake ciyarwa. Kafin azahar bayana ya ƙage. Kuma da idona na ga saman ƙasar da muka fara da safe ya soma yin fari.

Muka zauna gindin wata bishiya muna shan fura. A nan na ce masa na yi kuskure, na ci mutuncinsa a ranar da ya fi bukatar a rufa masa asiri, ya yafe mini don Allah, ya dawo bakin aikinsa.

"Na yafe, Alhaji, tun a hanya," ya ce. "Ni ma ina da nawa. Sau uku ina kiran mutuwa a kanta, tana zaune tana yi mini addu'a. Wannan ni da Allah ne."

"To ka dawo jibi."

Ya juya ƙwaryar a hannunsa, bai dube ni ba.

"In na dawo, baɗi wa zan kashe? Gwaggo ta ƙare."

Ba da gatse ya faɗa ba, tambaya ce ta gaske. Ban taɓa jin magana ta shige ni kamar wannan ba. Na ce ba zai sake kashe kowa ba, daga yau in ruwa ya sauka ya zo ya ce shuka zai je, shi ke nan. Ya girgiza kai ya ce in shi kaɗai ne ba ya so, ba zai tafi gona da gaskiya ya bar 'yan'uwansa suna binne kawunnansu ba. Na ce to in kowa ya watse rana ɗaya wa zai sauke kaya? Sai ya ce ai ba rana ɗaya kowa ke bukata ba. Ya ɗebo ƙasa ya murza mini. Mai gona a tudu, inda yashi ne, shi ne ba ya iya jira, ya tafi ranar farko. Mai gona a gangare yana da kwana biyu. Na fadama kuwa ƙasarsa na riƙe ruwa, ko bayan kwana huɗu ya je ya samu. 'Yan gari marasa gona su riƙe mangaza a makon, su kuma a sake su da Salla da ranakun bukukuwansu, 'yan ƙauye su tsaya. Shekara goma wannan dabarar na cikin kan mutumin nan, ban taɓa tambayarsa komi ba sai nawa ne ya rage a kamyo.

Ka ji asalin allon. Ba ni na rubuta shi ba, har yau ban taɓa sa alli a kansa ba. Kowace shekara in hadari ya fara haɗuwa su ke zama a inuwar mangaza su jera sunayensu, tudu, gangare, fadama, kowa da yaren da ya fi masa sauƙi, a yi musu, a yi dariya, a tona asirin wanda ya ce gonarsa yashi ce alhali kowa ya san kwaɗi ke kuka a cikinta. Ni nawa in zauna in saurara. A wurin zaman nan ne na fara jin abubuwan da ba a taɓa gaya mini ba, cewa randar ruwan sha a rana take, cewa katakon hawa kamyo ya tsage tun bara, cewa wane bayansa ya taɓu ya kamata a mayar da shi ɗinkin buhu. Ƙananan abubuwa, amma su ne ranar mutum gaba ɗaya.

Kada ka ɗauka kyauta na same shi. Ɗan kasuwar Dosso ya kwashe aikinsa bai sake dawowa ba, shekarar nan mun ji jiki, kamyona guda sai da na rabu da shi. A majalisa suka laƙaba mini Alhaji Sarkin Noma, wani ya aiko mini da fartanya a naɗe cikin takarda. Kowace damina kuma aiki na yin sanyi mako guda, wannan gaskiyarka ce, ban musa ba. Amma Saini ya dawo ya ɗauki gammonsa, waƙa ta dawo, mutanena suka daina gudu zuwa wasu mangazu, wasunsu 'ya'yansu ne ke yi maka aiki yanzu. Kuma tun daga shekarar nan gwaggonni da kawunnan ƙasar Tanda suka samu tsawon rai, sai dai a ce masha Allah. Ni kaina na fi jin daɗin zuwa aiki. In na waiwaya, alhamdu lillahi, ban ga abin da na rasa da nake kewa ba.

Saura abu ɗaya. Ranar da uwarku ta rasu, kuna tuna yawan jama'a, kuna faɗa har yau. Abin da ba ku lura da shi ba, don kuna cikin kuka, shi ne ranar washegarin ruwan shuka ce. Bisa allo, rabin mutanen mangaza suna gona, na tudu ma ranar ce kaɗai ranarsu. Ban aika wa kowa ba, ban so a tayar da su. Muna shirin ɗaukar makara da hantsi sai na ga sun shigo layi, a kan moto, a kan keke, wasu a ƙasa, ƙafafunsu da taɓo har gwiwa, wani ma da ƙwaryar iri a rataye ya manta bai ajiye ba. Saini ne a gaba, gemu fari fat. Na kama hannunsa na ce, Saini, shuka fa? Ƙasa za ta bushe muku.

"Ta bushe, Alhaji," ya ce. "Yau gwaggonmu ce ta rasu."

Ya sa kafaɗa a ƙarƙashin makarar, sauran suka bi. Su suka kai uwarku har kabari, ba su bari ta taɓa ƙasa ba sai a makwancinta.

Mangaza taka ce yanzu, Mamman, bango naka ne, fenti naka ne, ba zan hana ka ba. Roƙona ɗaya. Baba Saini na nan da ransa a Tanda. Kafin ka kira mai fenti, ka jira ruwan shuka ya sauka, ka je ka same shi a gona da safe, ka tuɓe takalminka a bakin kunyar gona, ka ce ya ba ka iri.